Ana son saka ɗana a binciken likitoci, in sa hannu ko in bari?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ɗana shekararsa 13, yana da galahanga (autism), maganarsa ba ta da yawa. A asibitin da muke zuwa wasu masu bincike suka ba ni takarda, suna son yawunsa don duba ƙwayoyin gado, da izinin karanta fayil ɗinsa. Wai in sa hannu kafin Alhamis. Tsorona kada in ƙi likitansa ya canza mana fuska. Don Allah a ba ni shawara.

Ma'aikaciyar jinya:
Wa'alaikumus salam. 'Yar'uwa, ƙin shiga bai kamata ya taɓa kulawar da ake ba shi ba, kuma ko kin sa hannu kina da ikon janyewa. Haka yake a Sanarwar Helsinki ta 1964, wato ƙa'idojin binciken likitoci a kan mutane, wadda aka sabunta a 2024. Ki tambaye su wane kwamitin ɗa'ar bincike ya sahale musu, ina za a ajiye yawun, har yaushe, wa kuma za a ba bayanan. Gaggawar nan ta Alhamis ce ba ta kwanta min ba.

Wani magidanci:
Yawu ne fa, ba allura ba. In kowa ya ƙi, yaushe za a gano maganin farfaɗiya da rashin barcin da ke wahalar da yaranmu?

Matashi mai galahanga:
Baba, gaskiyarka, mu ma binciken barcin muke so. Amma yawu yana ɗauke da asirin dangi gaba ɗaya. A Birtaniya an ƙaddamar da wani binciken galahanga mai suna Spectrum 10K a 2021, ana neman samfurin yawun mutum dubu goma. Masu galahanga suka tambayi me za a yi da bayanan nan gaba, suna fargabar a yi amfani da su don hana haihuwar irinmu. Cikin 'yan makonni aka dakatar da aikin.

Anti, kin kuwa tambayi yaron? Rashin yawan magana ba rashin ra'ayi ba ne. A nuna masa da hoto, in ya ƙi a ƙyale shi. Ki kuma tambaya ko akwai mai galahanga ko ɗaya cikin waɗanda suka tsara binciken. Sannan ni dai kalmar "cuta" da ake lanƙaya mana ba na sonta, ƙwaƙwalwarmu ce aikinta ya sha bamban.

Mai tambaya:
Wallahi na ji kunya, ban tambaye shi ba. Ɗazu na nuna masa 'yar kwalbar da ake zuba yawun, ya ture ta. Na rubuta tambayoyinku zan kai musu, shi kuma zan sake gwada shi ranar da ya natsu, ko da Alhamis ta wuce.