Maganganun da ake jingina wa iyayen ƙasar Amurka: wa ya taɓa bin diddigi?

Ɗan Ohio: Assalamu alaikum jama'a. Duk shekara idan 4 ga Yuli, ranar 'yancin kan Amurka, ta zagayo, sai hotunan tsofaffin shugabannin ƙasar, George Washington da Thomas Jefferson, su cika Facebook, kowane da magana a ƙarƙashinsa kan addini da 'yanci. Wasu na kafa hujja da su cewa tun asali Amurka ƙasar Kirista ce, wasu kuma na cewa mutanen nan ba ruwansu da addini sam. Wanda ya taɓa cin karo da irin wannan ya kuma bi diddigi, don Allah ya ba mu labari.

Direba a Bronx: Wa alaikumus salam. Wani abokin aikina ya taɓa miƙo min wayarsa muna jiran fasinja, ya ce in karanta. An rubuta wai Patrick Henry, ɗaya daga cikin jagororin neman 'yancin Amurka, ya ce ba a kan addinai aka gina ƙasar nan ba, a kan bisharar Almasihu aka gina ta. Ban ja da shi ba, ni me na sani. Da dare na nuna wa 'yata mai sakandare, kafin in gama shan shayi ta gano tushen. Henry ya rasu a 1799, maganar kuwa ta fito ne a wata mujalla mai suna The Virginian a 1956, marubucin yana sharhi kan wasiyyar Henry, daga baya aka ɗauki sharhin aka saka a bakin mamacin. Har Sanata Josh Hawley ya wallafa ta a 2023 da sunan Henry.

Malamar Tarihi: Alhaji, Allah ya yi wa 'yar taka albarka. Tawa ta fi ba ni haushi, domin ba ƙarya aka yi ba, yanka aka yi. Wani ɗalibina ya kawo aikin gida da maganar John Adams, shugaban Amurka na biyu, cewa da babu addini da duniya ta fi daɗi. Maganar tana cikin wasiƙar da ya aika wa Jefferson a watan Afrilun 1817, babu shakka. Amma Adams cewa ya yi sau da yawa yakan ji kamar ya furta haka idan rikicin malaman addini ya ishe shi, nan take kuma ya janye, ya ce duniya ba addini wuri ne da ba a ambatonsa a gaban mutanen kirki, wato Jahannama. Na sa yaron ya karanta wasiƙar gaba ɗaya a gaban aji. Da ya kai wurin nan sai ya yi shiru. Tun daga ranar duk wanda ya kawo min magana sai ya kawo isnadinta, kamar yadda malaman hadisi suke yi: wa aka rubuta wa, yaushe, kuma ina takardar take.

Ɗalibi a Washington: Malama, mu ma Musulmi ba mu tsira ba. A wani taron buɗa-baki na ji mai jawabi ya ce Washington ne ya faɗa da bakinsa cewa ba a kan addinin Kirista aka kafa gwamnatin Amurka ba. Maganar gaskiya ce, amma ba tasa ba ce. Sashe na 11 ne na yarjejeniyar Amurka da Tarabulus (ta Libiya a yau), wadda Majalisar Dattawa ta amince da ita a 1797, Adams kuma ya sa hannu. Abin mamakin ma, da aka duba kwafin Larabci a 1930, babu wannan sashen a cikinsa, wata wasiƙa ce ta mai mulkin Aljeriya a gurbinsa. Sai dai na Turancin ne sanatocin suka karanta suka amince.

Haka batun Alƙur'anin Jefferson. Na gan shi da idona a ɗakin karatu na Majalisar Dokoki, mujalladi biyu, fassarar George Sale, wanda ya saya a 1765 yana karatun lauya. Shi ne Keith Ellison, Musulmi na farko a Majalisar Dokokin Amurka, ya ɗora hannu a kai wajen rantsuwar kama aiki a 2007. Daga nan sai wasu su zarce, wai Jefferson ya musulunta a ɓoye. Haba!

Direba a Bronx: To ɗan'uwa, buɗa-bakin da ake cewa ya shirya fa?

Ɗalibi a Washington: Alhaji, a Disambar 1805 jakadan Tunis yana azumin Ramadan, sai Jefferson ya mayar da lokacin liyafa zuwa faɗuwar rana. Iyakar abin ke nan. Idan mutum na neman hujja mai ƙarfi, akwai wadda ta fi wannan: a tarihin rayuwarsa da ya rubuta a 1821, ya ce dokar 'yancin addini ta Virginia ta 1786 an nufi ta kare Bayahude da Kirista da Musulmi da Bahinde da wanda ba shi da addini.

Hajiyar Houston: Ni a jikin motar maƙwabcina nake ganin ta Benjamin Franklin, wai mai sayar da 'yanci don ɗan tsaro bai cancanci ko ɗaya ba. Tasa ce, ta 1755, sai dai kan rigimar haraji ce tsakanin majalisar Pennsylvania da iyalan Penn, masu mallakar yankin a lokacin.

Malamar Tarihi: Hajiya, ya fi wanda ya liƙa ta Washington mai cewa ba a iya mulkin ƙasa sai da Allah da Baibul. Masu kula da gidansa na Mount Vernon sun jera ta cikin na jabu. Masu gidan Jefferson na Monticello ma suna da irin wannan jerin.

Ɗan Ohio: Na gode jama'a. Yanzu ma aka turo min wata da sunan James Madison, shugaban Amurka na huɗu, kan Dokoki Goma na Baibul. Na saka kalmominta a Founders Online, rumbun wasiƙun da hukumar adana tarihin Amurka ta buɗe a 2013, ban samu komai ba. Na mayar wa wanda ya turo da tambayar inda ya samo ta, ya karanta, har yanzu bai amsa ba.