Ina so a yi mini tiyatar hanci, ku ba ni shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah a sakaya sunana. Shekarata 27, na kwashi adashi ina shirin zuwa Istanbul a gyara mini hanci. A hannun matar babana na tashi, ba ta kirana da sunana sai "mai bajajjen hanci", har yaran unguwa suka ɗauka. Yau ko a biki ba na shiga hoto. Takunkumin da aka sa lokacin korona har yanzu ban cire ba. Kafin in fita sai in share awa guda gaban madubi ina juya fuska. Wanda zai aure ni ya rantse bai ga wani aibu ba, amma zuciyata ta ƙi yarda. In tafi?

Wata ma'aikaciyar jinya: Ƙanwata, awar nan da kike yi gaban madubi ita ta tsaya mini a rai. Akwai larurar da likitocin ƙwaƙwalwa suka sani, mutum ya riƙa ganin muni a jikinsa inda wasu ba sa ganin komai. Galibi a shekarun balaga take farawa, kuma gori da tsangwama tun ƙuruciya na cikin abin da ke share mata hanya. Masu ita ba kasafai suke gamsuwa bayan tiyata ba: ko su ce aikin bai yi ba, ko damuwar ta koma kan leɓe ko haɓa. Ana maganinta da zaman tattaunawa da ƙwararre, wani lokacin a haɗa da ƙwayoyi. Ki fara zuwa sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitin Malam Aminu Kano, ko asibitin Barnawa in kina Kaduna. Zuwa can ba ya nufin hauka.

Wata malama: 'Yata, sahabi Arfaja an sare masa hanci a yaƙi, Annabi (SAW) ya umarce shi ya sa na zinare. Malamai sun bambanta gyaran nakasa da canza halitta don ƙarin kyau. Hancinki lafiyarsa ƙalau, kalaman matar nan ne suka yi miki rauni.

Wata 'yar uwa: Ni ban ga laifinki ba, wanda bai sha gori ba bai san zafinsa ba. Amma tiyata ba wasa ba ce. Stella Obasanjo, matar shugaban Najeriya na lokacin, a Sifaniya ta rasu a 2005 bayan tiyatar rage ƙiba.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Anti nas, zan iya zuwa ni kaɗai? Ba na so 'yan gidanmu su ji.

Ma'aikaciyar jinya: Za ki iya, sirrinki a rufe yake. Ki gaya wa likitan sunan da ake kiranki da shi, da shekarun da aka fara.