Farautar elk a kurmin gaɓar tekun Oregon da Washington: waɗanda suka taɓa shiga ku ba mu labari

Ɗan Bichi a Portland:
Slm 'yan'uwa. Dan Allah waɗanda suka taɓa shiga dajin gaɓar teku neman elk, babbar barewar nan mai ƙaho mai rassa, ku taimaka min da abin da kuka gani da idonku. Ni da wani abokin aikina bature muke shirin fita watan Nuwamba da bindiga, wajajen Tillamook da ke gaɓar Oregon yake cewa mu je, shi ma ba wani sanin wajen ya yi ba, barewa kawai ya taɓa harba a gabashin jihar. A gidanmu na tashi ana farauta, kakana har ya rasu yana da adaka da karnukansa, amma wannan dajin ban san kansa ba sam. Takardu, kaya, inda ake shiga, yadda ake fito da nama, da kuma maganar halacci, duk ina son ji.

Baban Hanifa, Salem:
Wslm ƙanena. Fara da takarda dai, don a nan ba a wasa da ita. A Oregon lasisin farauta daban, tag ɗin elk, wato takardar izinin harbin dabbar, daban, duka a hannun ODFW suke, hukumar kifi da namun daji ta jihar. Farautar bindiga ta gaɓar teku kashi biyu ce a Nuwamba, ta farko 'yan kwanaki ce kawai, ta biyu kusan mako, kuma ɗaya za ka zaɓa, sannan ka sayi tag ɗinka kafin ranar buɗewa, kar ka bari sai ranar. Wasu yankunan ba a sayar da nasu haka kawai sai da ƙuri'a, ita kuma 15 ga Mayu ake rufe nema, to na bana ya wuce ka, ka duba yankin da ake bari kowa ya saya. Kowane yanki da dokarsa kan ƙaho, wani wurin duk bijimin da ka gani ka harba, wani sai mai ƙaho tsinke marar reshe, wani kuma sai mai rassa uku zuwa sama a gefe ɗaya, saboda haka ka karanta littafin dokar shekarar da kanka kar ka dogara da bakin abokinka. Bindiga ba ta yin ƙasa da .24 a faɗin harsashi, yawancin mutanen da na sani .30-06 ko .308 suke riƙewa. Kuma ko ka samu ko ba ka samu ba sai ka ba da rahoto kafin 31 ga Janairu, in ba haka ba dala 25 za su caje ka in ka zo sayen lasisi gaba. Wani abu da namu ke mantawa, in kana da katin zama na dindindin shi ke nan, amma wanda yake kan bizar karatu ko aiki dokar tarayya ta hana shi riƙe bindiga sai in yana da lasisin farauta mai aiki, Washington kuma tana da nata ƙarin lasisin na baƙi. Wanda abin ya shafa ya tambayi lauya, kar ya tambaye ni.

Tsohon Soja, Tacoma:
Takarda ai ita ce mai sauƙin. Yaro ka cire hoton farautar gida daga kanka gaba ɗaya, babu gayya, babu kiɗan ganga, babu karnuka, babu filin da za ka hango dabba tana gudu. Dajin nan in ka bar titi da taku ashirin ba ka ƙara ganin motarka, ganyen da suke kira salal ya kai ƙirji, ga fern, ga ƙayar blackberry, ga wani ɗan itace devil's club da jikinsa duk ƙaya ne in santsi ya kwashe ka ka cafke shi sai ka yi mako kana cire ta a tafin hannu, a ƙarƙashi kuma rubaɓɓun kututture ne da gansakuka ta lulluɓe, ka taka ƙafarka ta nutse har gwiwa. Na taɓa tsayawa ina jin warinsu sosai, ina jin suna karya rassa kusa da ni wlh bai fi jifan dutse ba, garke guda, har suka wuce ko kunne ban gani ba. Kuma fa ba ƙaramar dabba ba ce, irin na gaɓar nan da ake kira Roosevelt su suka fi kowane elk jiki, bijimi kan kai kilo 300 zuwa 500, ya fi gwanki nesa ba kusa ba, amma sai ya ɓace maka a gabanka.

Abin da ya yi min aiki shi ne wuraren da 'yan katako suka sare ƙwal shekara biyu zuwa biyar baya, sabon tsiro ya fito, can suke fitowa kiwo da asuba da kuma gab da magariba. Ka isa tun da duhu ka zauna a sama da madubin hangen nesa, ka yi ta dubawa a hankali gefen da saran ya haɗu da tsohon kurmi. Iska kuma ita ce komai, da sassafe tana gangarowa ƙasa, in rana ta ɗaga sai ta juya sama, in ta kai musu warinka an gama. Ruwa kuwa kar ka tambaya, wasu wuraren a tsaunukan nan suna samun sama da milimita 2,500 a shekara kuma Nuwamba tana cikin watannin da ya fi zuba. Kar ka sa auduga ko singileti, ulu ko na roba, da rigar ruwa ta gaske, safa kuma ka ɗebo da yawa.

Mutumin Damagaram, Longview:
Ni da baka nike fita a Satumba, a gefen Washington, don lokacin ne suke barbara kuma ana iya kiransu su zo. Sai dai na nan ba su cika kuka ba kamar na duwatsun gabas, wani bijimin shiru zai lallaɓo sai dai ka ga ƙaho ya ɓullo. Abin da nike son Ɗan Bichi ya gane shi ne maganar ƙasa, daji ne a ido amma kowane taku da mai shi. Babban kaso na kamfanonin katako ne, wasu suna barin shiga da ƙafa kyauta, wasu kamar Weyerhaeuser famit suke sayarwa kuma tun bazara yake ƙarewa. Wata shekara na gama leƙen wurina tsaf, na san inda suke shan ruwa da inda suke kwana, ana saura kaɗan a buɗe sai zafi ya yi yawa, kamfanin da ke da wurin ya rufe get saboda tsoron gobara, shi ke nan na koma neman sabon wuri ido rufe. Ku na Nuwamba wannan ba zai dame ku ba, amma ka riƙe wuri biyu ko uku. Tunda Tillamook kuka nufa akwai dajin jiha na Tillamook da na Clatsop, kudu da su ga dajin Siuslaw na tarayya, duka na jama'a ne, illarsu kawai kowa can yake zuwa, ranar buɗewa kowace kwana da mota a fake. Ni keke nike sawa a bayan mota, in na iske get a rufe inda aka yarda a shiga sai in tuƙa in yi nisa da mutane. Ka sauke taswira a waya tun daga gida, manhajar onX nike amfani da ita tana nuna iyakar kowa, don sabis babu. Kuma ka yi hattara da tirelolin katako a kwana, ba sa iya tsayawa da wuri.

Wanda zai zo gefenmu na Washington kuma, dole rigar lemu ko hoda mai ƙyalli a lokacin bindiga, kuma duk wanda aka haifa bayan 1 ga Janairun 1972 sai ya yi kwas ɗin farauta. Ga ciwon kofato da ya yaɗu a kudu maso yammacin jihar tun wajen 2008, za ka ga dabba tana ɗingishi kofaton ya lanƙwashe, abin tausayi, ka karanta abin da hukuma ta ce a yi da ƙafafun kafin ka fita.

Ɗan Zangon Kumasi, Seattle:
Duk kun yi magana amma ba wanda ya faɗi wahalar gaske. Harbin ai daƙiƙa ɗaya ne. Na raka wani maƙwabcina, ya harbi bijimi da la'asar daga bakin sara, dabbar ta gangara can ƙasan kwazazzabo ta faɗi tsakanin kututture biyu, mu biyu ko juya ta mun kasa. A Nuwamba kafin biyar rana ta faɗi, to da tocilan goshi muka yi fiɗa ruwa yana dukanmu, ba mu ma buɗe cikin ba, gefe ɗaya muka feɗe muka cire cinya da karfata da naman gadon baya da na wuya muka zuba a buhunan yadi, sannan muka ja da igiya muka kifa ta muka yi ɗaya gefen. Nama zalla ya haura kilo 100, a baya ake goyo shi, hawa ne wanda sai ka sa hannu kana kama saiwa, ka kai mota ka sauke ka sake komawa. Washegari sallah a zaune na yi. Kuma ba ka da ikon cewa na gaji in bar saura, barin nama ya lalace laifi ne a doka. Kar sanyi ya ruɗe ka ma, fatarsu kauri gare ta, in ba ka feɗe da wuri ba wuya da ƙugu suna fara tsami ko ana yayyafi. Shawarata kafin ka ɗana kunama ka kalli inda za ta faɗi, ka tambayi kanka mu nawa ne, ƙarfe nawa ne, kuma wa zan iya kira.

Tsohon Soja, Tacoma:
Gsky ne, amma kar ka tsorata yaron har ya ƙi harbi. Yawancin masu fita hannu rabbana suke dawowa, in Allah ya kawo maka halastaccen bijimi ko a ƙasan rami ne ka harba, wahalar dare ɗaya ce. Abin da ban yarda da shi ba kawai harbin gab da duhu in ba ka tabbatar da saitinka ba, don bin jini a wannan ruwan aiki ne, kafin ka sauka ya wanke.

Malamin Islamiyya, Beaverton:
Wannan ta kawo mu kan tambayarsa ta ƙarshe. Elk dabbar daji ce, halal ce, kuma harbi shi ne yankanta in an cika sharaɗi. Ka yi niyya ka yi bisimilla lokacin harbin, in ka iske ta da sauran rai ka yanka, shi ya sa wuƙa mai kaifi ta zama a ƙugunka ba a mota ba, kuma kar ka yi sakaci wajen binta. In ta faɗa ruwa ka iske ta a mace ba ka san harsashi ne ko ruwan ne ya kashe ta ba, hadisin Adiyyu ɗan Hatim ya ce kar a ci, kuma dajin nan duk rafuka ne. Sai maganar kwana, maharban nan suna da al'adar in sun yi harbi da yamma ba su gamsu da shi ba su bar ta sai da safe su bi sawu. A Risala an ce ka ci matuƙar ba ta kwana ba ka gan ta ba, sannan aka kawo ɗaya maganar cewa in an sami kibiyar a makasa babu laifi, to ka ga akwai saɓani, ku yi wannan maganar da abokinka tun a gida. Kuma Ɗan Bichi in shi ne ya harba, hukuncin ya koma na abin da ba musulmi ya farauto, mazhabarmu tana da tsanani a nan, ka same ni bayan Juma'a mu zauna.

Maman Sadiq, Hillsboro:
Ku maza kun tsaya a daji, bari in faɗi na gida. Da maigidan ya kawo nasa firizarmu ba ta ɗauka ba sai da muka sayi wata a daren, ka tanadi wannan tun yanzu da manyan kuloli da ƙanƙara. Kuma in za ka kai wa mahautan da ke gyara naman daji ka tambaye su da kyau, naman elk ba shi da kitse to da yawansu kitsen alade suke haɗawa in za su niƙa, kuma injin ɗaya ne. Mu a gareji muka shimfiɗa leda muka yanyanka da kanmu, ni da 'yan'uwa mata. Kilishinsa kam ba a magana, da injin busar da nama na yi tunda rana babu, tsire kuma sai ka shafa mai sosai in ba haka ba ya bushe. Ƙashin ma kar ku bar shi duka a daji dan Allah, ko na ƙafa ɗaya ne ku taho da shi saboda farfesu.

Ɗan Bichi a Portland:
Allah ya saka da alheri, na ƙaru wlh. Mun yi magana da abokin nawa, zagaye na biyu za mu ɗauka tunda ya fi tsawo, kuma Asabar ɗin nan za mu fara zuwa leƙen wuri. Malam ina nan zuwa Juma'a in sha Allah. Yaya na Kumasi in Allah ya ba mu sa'a kai zan fara kira fa.

Baban Hanifa, Salem:
In za ku leƙe ku biya ta gandun namun daji na Jewell Meadows, can ana ganin elk a fili kuma ba a harbi, ka zauna ka koyi bambance mai tsinken ƙaho da mai reshe daga nesa kafin ranar ta zo. Ka kuma bar wa iyali sunan titin da za ku faka da lokacin da za su fara nemanku in ba su ji ku ba.

Ɗan Zangon Kumasi, Seattle:
Ka kira, amma cinya ɗaya tawa ce, kuma jakar goyon nama guda ce gare ni, ku nemi biyu naku.