"Babba juji ne": har da jagoran malamai?

Malamin Boɗinga: Assalamu alaikum. An ɗora mani jagorancin zaman da mu malaman firamare muke yi ƙarshen wata, kowa shi kawo darasin da ya gagare shi mu warware tare. Wani abokin aiki da ya girme ni nesa ya gwada koyar da lissafin rabawa, ya yi kuskure, na gyara mai a gaban mutane. Tun ranar bai sake leƙo mu ba. Hedimasta ya ce mani "babba juji ne". Wato in ga kuskure in yi shiru?

Malama 'Yar Wurno: A'a Malam. Juji ba shi zaɓen shara. Gori, ƙorafi, maganar bayan ido, duk kanka za a zubo su, ka shanye. Iyakar ma'anar ke nan. Ba ta ce ka bar yara su tashi da lissafin banza ba.

Na Gidan Maɗi: Ni fa ban ga ta shiga nan ba. Magana ce ta maigida da iyalinsa, ko hakimi da talakawansa. A zaman malamai wa ne babba? Galibi NCE ɗaya kunka riƙe, wataƙila ma tare kunka fito Kwalejin Shehu Shagari. Ranar da ka ji kanka babba, ranar zaman ya mutu. "Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma" ta fi dacewa da kai.

Baba Mai Ritaya: Ku tuna jujin nan shi ake kwasa a jaki a kai gona kafin damina. Ƙorafin da anka zubo maka taki ne, in ka iya jira.

Na Gidan Maɗi: Baba, Allah shi ƙara girma, amma wanga ƙari naku ne, magabata ba su kai nan ba.

Baba Mai Ritaya: To ɗana, wa ya hana a ƙara?

Malama 'Yar Wurno: Ai muna da misali a gida. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu 1864, ta kafa 'Yan Taru. Kowane ayari na matan karkara da jajinsa, dattijuwa amintacciya, a ɗora mata malfa da jan rawani. Ita ke tattaro mata, ta raka su hanya, su karɓo karatu, ta koma ta maimaita masu. Girman na ɗawainiya ne, ba na fin sani ba. Kai kuwa Malam, gaskiya ka faɗa, wurin faɗin ne ka kuskure. Da ka tambaye shi, "Malam, in yaro ya ce saura uku fa, ya za mu yi?" da shi zai gano da kansa.

Malamin Boɗinga: Na ji. Gobe bayan la'asar zan same shi gida, in roƙe shi shi ja mana zaman wata mai zuwa.

Baba Mai Ritaya: Ka riƙa mai goro. Kuma kada ka tada zancen rabawar nan.