Wane suna za mu ba rukunin golf na 'yan shekara 50 zuwa sama?

Assalamu alaikum, ma'abota harshe. Yau akwai kalmar da nake so mu raɗa mata suna. A wasan golf, wanda wasu ke kira ƙwallon lambu, akwai rukunin ƙwararrun 'yan wasa da ba a shigarsa sai mutum ya cika shekara 50. Turawa na ce wa rukunin “senior”. Mafi girman tsarin gasarsu yana Amurka, sunansa yanzu PGA Tour Champions. Duk mai rubuta labarin wasanni da Hausa in ya zo kan wannan rukuni, abin da ke fara faɗo masa a baki shi ne “gasar tsofaffin 'yan wasa”. Ni dai ina ganin wannan suna yana ɓatar da mai karatu, kuma ina da abin da zan sa a gurbinsa.

“Tsoho” a Hausa fuska biyu gare shi. In ka ce tsohon gwamna, ba cewa ka yi ya tsufa ba, cewa ka yi ya sauka. Haka nan in ka ce tsohon ɗan wasa, kowa zai ɗauka mutumin ya ajiye wasa, sai dai in an gayyato shi wasan sada zumunta, irin wanda su Kanu da Okocha kan fito a tara kuɗin taimako. To mutanen da muke magana a kansu ba su ajiye komai ba. Sana'arsu suke yi, daga watan Janairu har Nuwamba, kuma kuɗi ake ci na gaske.

Mu ɗauki kakar 2023 mu gani. Steve Stricker, ɗan jihar Wisconsin, yana da shekara 56, ya cinye gasa shida a wannan shekara. Ya buɗe da ta Hawaii a Janairu. A watan Mayu ya haɗa biyu daga cikin manyan gasar rukunin, Regions Tradition da Senior PGA Championship. A Yuni ya ci wadda ake yi a Madison, gaban mutanen gida. A Yuli ya ƙara babba ta uku a filin Firestone da ke Ohio, sannan ya rufe da Sanford International a Satumba. Abin da ya tara ya kusa dala miliyan 4. Tazarar da ya ba na bayansa ta kai har bai buga gasar ƙarshe ba, ya zauna wajen mahaifinsa da ke kwance asibiti, amma duk da haka shi ya ɗauki kofin Charles Schwab na gwarzon shekara. Wannan ne za a kira tsohon ɗan wasa?

Sai ɗaya fuskar, wato tsufa. Nan ma kalmar ba ta zauna ba. Manyan gasa biyar ne a rukunin, Stricker ya ɗauki uku, sauran biyun 'yan Jamus suka tafi da su. Alex Čejka ya ci Senior Open a filin Royal Porthcawl da ke Wales cikin iska da ruwan sama. Bernhard Langer kuwa ya bi Stricker har jiharsa ya ƙwace U.S. Senior Open da tazarar bugu biyu, yana da shekara 65. Wannan ita ce nasararsa ta 46 a rukunin, da ita ya wuce Hale Irwin mai 45, wanda ya daɗe yana riƙe da tarihin. A ƙarshen 2024 ya ƙara ta 47 yana da shekara 67. Langer shi ne wanda za a iya cewa ya manyanta sosai, amma gara a tuna cewa a kowace shekara sababbin 'yan hamsin ke shigowa da ƙarfinsu, kuma su yake kayarwa. Su kansu 'yan hamsin ɗin ba su gama da matasa ba: Phil Mickelson ya ci PGA Championship ta kowa da kowa a 2021 yana da shekara 50, Tom Watson kuma saura ƙiris ya ɗauki Open ta Birtaniya a 2009 yana da 59, sai a raba gardama Stewart Cink ya kayar da shi.

Saboda haka “tsofaffi” ta faɗi ta ko'ina.

Wani ɗan'uwa ya rubuto ya ce me zai hana mu ce “manya” kawai. Malam, kalmar ta riga ta yi aiki da yawa. A ƙwallon ƙafa in an ce tawagar manya, ana nufin Super Eagles, don a bambanta ta da 'yan ƙasa da shekara 17 ko 20. Ɗan shekara 22 ma babba ne a wannan ma'ana. Ga kuma “manyan gasa” da muka riga muka ba waɗancan biyar ɗin. Ka gwada rubuta cewa Stricker ya ci uku daga manyan gasar manya, ka ji yadda harshe zai sarƙe.

Wani kuma ya ce a ari kalmar yadda take, tunda “siniya” ta daɗe a bakin Bahaushe. Gaskiya ne ta daɗe, amma a makarantar kwana ta zauna. Duk wanda ya yi sakandare in ya ji siniya, ɗan aji shida zai tuna, mai aiken ƙananan yara ɗebo ruwa. Ba na ƙyamar aro, ga golf ɗin kanta mun ara. Amma wannan aron ya zo da nasa kaya.

“Magabata” kuwa a bar ta, waɗannan mutane suna raye.

Wadda ta fi ba ni aiki ita ce “tsofaffin hannu”, da 'yar'uwarta “gogaggu”. Wata Hajiya ce ta kawo su, kuma ta yi tunani mai kyau, domin tsohon hannu yana nan a kan aiki, ƙwarewa kalmar ke nunawa. Kuma yawancin taurarin rukunin haka suke. Langer ya ci Masters, ɗaya daga manyan gasar kowa da kowa, sau biyu, 1985 da 1993. Ernie Els na Afirka ta Kudu, da ya ci Hoag Classic a 2023, yana da manyan kofuna huɗu tun yana ganiyarsa. Pádraig Harrington na Ailan yana da uku. Abin da ya hana ni karɓa, Hajiya, shi ne ba ƙwarewa ce ƙa'idar shiga ba, takardar haihuwa ce. Ɗan shekara 45 da ya shekara ashirin yana cin kofuna tsohon hannu ne, amma ba zai shiga ba. Sannan ga irin su Steven Alker na New Zealand, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana fafutuka a ƙananan gasa, sunansa bai je ko'ina ba. Ya cika 50 a 2021, ya shigo ta ƙofar gwajin da ake yi ranar Litinin, a 2022 sai ga shi gwarzon shekara, a 2024 ya maimaita. Shi ne ma ya ci gasar ƙarshe ta 2023 da Stricker bai je ba. Wannan dalilin ne ya sa ban yarda da “zakaru” ba, ko da yake ita ce ma'anar sunan da Amurkawa ke amfani da shi yanzu. Ba kowa ne ya shigo da kambi a kansa ba.

Abin da nake ba da shawara shi ne “dattawa”. Gasar dattawa, rukunin dattawa, kakar dattawa.

Dattijo a Hausa mutum ne da ya wuce samartaka, furfura ta fara ko ta yi nisa, amma bai zama tsoho tukuf ba. Yana kasuwarsa, yana gonarsa, ana neman shawararsa. Ba wanda zai ji “dattijo” ya ɗauka an sauke mutum daga wani abu. Kuma kunnenmu ya saba da kalmar a matsayin sunan rukuni mai ƙa'idar shekaru, tunda kullum muna jin Majalisar Dattawa a labarai, wadda ita ma akwai shekarun da sai an cika kafin a tsaya takararta. Kalma ɗaya ce, tana shiga kanun labari ba tare da ta cinye layi ba.

Na ga ƙorafin wani yallaɓai da ya ce dattijo a wurinmu ba shekaru kaɗai ba ne, hali ne, kuma ba kowane mai furfura ke da dattako ba. Haka ne, ranka ya daɗe. Amma in za a bi wannan ma'auni sai an fara canza wa majalisar can suna. Kalma takan ɗauki ma'anar hukuma ta bar ta ɗabi'a a gefe, kuma mai karatu yana gane wacce ake nufi. Ni ma ina ganin ƙamshin dattakon bai ɓata komai ba a nan, domin golf wasa ne da ɗan wasa kan kai ƙarar kansa in ya karya doka, ko da ba wanda ya gan shi.

Wani ya tambaya ko ɗan shekara 50 zai so a kira shi dattijo. A nan sai in ce matsalar ta Turawan ce. An kafa tsarin a 1980 da sunan Senior PGA Tour, bayan da wata gasa ta tsofaffin taurari mai suna Legends of Golf, da aka fara a 1978, ta ja hankalin masu kallon talabijin. Su Arnold Palmer ne suka fara ɗaga shi, daga baya su Lee Trevino da Jack Nicklaus suka shigo. Sai a ƙarshen 2002 aka cire kalmar “senior” daga sunan, aka koma Champions Tour, a 2016 kuma aka mai da shi PGA Tour Champions. Na Turai ma ya yi irin wannan sauyi, ya fara a 1992 da sunan dattawa, yanzu Legends Tour ake ce masa. A al'adarsu, kalmar da ke nuna shekaru ba ta sayar da haja. Mu kuwa in ka ce wa ɗan hamsin dattijo girmama shi ka yi, ba zai ɓata rai ba. Ban ga dalilin da zai sa mu aro kunyarsu ba.

Shekarun ma ba wahayi ba ne. Lokacin da aka fara U.S. Senior Open a 1980, wadda Roberto De Vicenzo na Ajantina ya ci, sai mai 55 ke shiga. Shekara ɗaya bayan nan aka sauko da ita 50, Palmer ya shigo ya cinye. Shi ya sa ban so mu ɗaure sunan da lamba, kamar “'yan hamsin”, ko da yake a cikin hira tana da daɗin faɗa. Ta ɓangaren mata ma haka: U.S. Senior Women's Open da aka fara a 2018, wadda Laura Davies ta Ingila ta fara ci, daga 50 take, amma akwai gasar da ke karɓar 'yan 45. “Dattawa mata” ta rufe su duka, ɗaya kuma dattijuwa.

Tunda mun zo nan, bari in haɗa da kalmar da ke manne da ita, wato “tour”. Mutane kan ce zagaye, amma zagaye muna bukatarsa a wani wurin: ramuka 18 su ne zagaye ɗaya, yawancin gasar dattawa zagaye uku ne, ramuka 54, manyan kuwa huɗu, ramuka 72. In aka ce zagaye a nan aka ce zagaye a can, lissafi zai rikice. Ni “rangadi” na zaɓa. Ayari ɗaya ne ke tashi daga gari zuwa gari bisa jadawali, wannan mako a Florida, wani a Rabat ta Maroko inda Stephen Ames ya ci kofin Hassan na Biyu a Fabrairun 2023, ɗaya daga cikin huɗun da ya ci a shekarar. Duk garin da suka sauka an san da zuwansu, an shirya tarba. Rangadin dattawa ke nan. Sunan kamfani dai a bar shi yadda yake, amma a jikin labari a ce rangadin dattawa na Amurka, rangadin dattawa na Turai.

Akwai kuma abin da suke kira “cut”, wato rage 'yan wasa bayan zagaye biyu, waɗanda suka yi bugu da yawa su koma gida ba ko sisi. Wannan “tankaɗe” ne, ba sai an wahala ba. Kuma yana daga cikin abin da ya bambanta rangadin dattawa da na matasa: a yawancin gasarsu 'yan wasa 78 ne kuma babu tankaɗe, duk wanda ya fara zai kai ƙarshe ya karɓi rabonsa. Sai a wasu daga manyan gasa ake tankaɗewa. A gasa da dama kuma an yarda dattijo ya hau ƙaramar motar fili maimakon ya taka, abin da ba a bari matasa su yi.

Inda na tsaya cak shi ne “playoff”, don kalma ɗaya ce Turawa ke yi wa abu biyu. Na farko, in mutum biyu suka yi kunnen doki bayan ramin ƙarshe, sai su koma su ƙara rami ɗaya ko fiye har a sami gwani. Wannan raba gardama ne, kuma Harrington ya san ɗacinsa, domin sau biyu ya faɗi a cikinsa a manyan gasar 2023, sau ɗaya a hannun Stricker a Texas, sau ɗaya a hannun Čejka a Wales. Na biyu kuwa gasa uku ne na ƙarshen kaka da aka fara tun 2016, inda ake farawa da mutum 72, a rage zuwa 54, a rage zuwa 36, sannan a fitar da mai kofin Schwab. Nan babu gardamar da ake rabawa. Wani ya kawo “kece raini”, amma a kunnena ta fi dacewa da karon mutum biyu. “Wasannin rufe kaka” ta faɗi lokacin, ta bar rage mutanen. Malaman da ke karanta labarin wasanni a rediyo, ku da bakinku ya saba da gwada kalma kafin ta fita, me kuke gani?