A bar lamba lamba, ko a yi mata ado tun daga kweri?

Muhawara kan manhajar Microsoft Access daga zauren masu aikin rumbun bayanai na Abuja

Malamin Access, Garki: Jama'a, ni dai matsayina ke nan: ƙawata lamba ba aikin kweri ba ne, wato umarnin da ke zaƙulo bayanai daga rumbu. Kweri ta yi lissafi ta miƙo lamba tsirararta. Waƙafin dubbai, alamar naira, jan launi ga bashi, duk a bar wa fom da rahoto. Wanda bai yarda ba ya fito fili.

Hajiya Akanta, Wuse: Malam, na fito. Wanda nake yi wa lissafi ba ya jiran rahoto, kweri yake buɗewa ya duba. Ina da layin da ke cire kuɗin saye daga na sayarwa. Na sa IIf, mai zaɓi bisa sharaɗi, da Format, mai tsara siffar lamba: in riba ce ta fito da waƙafi da kwabo, in faɗuwa ce ta shiga baka biyu. Yana gani yana fahimta. Ina laifin?

Malamin Access: Ranki ya daɗe, abin da Format ke mayar miki rubutu ne, ba lamba ba. Jera layin daga ƙarami zuwa babba ki gani: 12,000.00 za ta hau gaban 950.00, don harafin farko ake dubawa, 1 kuma tana gaban 9. Za ki kuma ga alƙaluman sun manne a hagu maimakon dama. Ki tura Excel ki ce a tara, a bar miki su waje ɗaya.

Ɗan bautar ƙasa, Kubwa: Malam, ai sai a sa Val a maido da ita lamba, ko?

Malamin Access: Kul, ɗana! Val tana tsayawa ne a waƙafin farko. Ka ba ta 12,000.00 ta miƙo maka 12, ba kuma za ta yi ƙorafi ba. Dubu goma sha biyu ta koma naira goma sha biyu, kai kana can kana shan shayi.

Injiniya, Gwarimpa: Ina tare da Malam rabi. Akwai hanyar da ba ta taɓa lambar: a takardar siffofin layin, cikin kwerin kanta, akwai gurbin Format. Yana karɓar kashi huɗu da ake rabawa da waƙafi mai ruwa: na lambar da ta haura sifili, na wadda ta gaza sifili, na sifili, sai na gurbin da ba a cike ba. Misali:

#,##0.00;[Red](#,##0.00);"babu";"ba a shigar ba"

Ido ya ga ado, a ƙasa kuwa lamba ce, jeri da tarawa suna nan daram. To Malam, wannan ma a kweri yake, ka ga dokarka ta yi tsauri.

Malamin Access: Wannan na nuni ne kawai, ban hana ba. Da mai sauya jinsin bayanin nake faɗa.

Hajiya Akanta: To ku saurara, don nan gizo ke saƙar. Ina da layi ɗaya na ragi: wani abokin ciniki kaso ake rage masa cikin ɗari, wani kuma tsabar naira. Ina son 5% a nan, ₦2,000 a can, gwargwadon abin da ke layin kusa. Kashi huɗun Injiniya ba sa leƙa wani layi, alamar lambar kawai suke dubawa. Sharaɗi irin [>=1000000] da nake sawa a Excel ma Access ba ta san shi ba. Na je rahoto, sharaɗin ƙawatawarsa launi da kaurin rubutu yake canzawa, ba siffar lamba ba. Ina zan dosa in ba IIf ba?

Injiniya: Gaskiyarki, Hajiya. A nan sai rubutu. Amma ki yi layi biyu: ɗaya ragin a naira, lamba zalla, shi za a jera a tara, ɗaya na kallo kawai. Ko a manhajar rumbun bayanai ta SQL Server haka muke yi, don FORMAT ɗin da ya zo a na 2012 shi ma rubutu yake bayarwa, ga nauyi in bayanai sun yi yawa.

Malamin Access: Tun farko cusa kaso da naira a layi ɗaya shi ne ciwon. Amma na yarda da layi biyu, da sharaɗin kada kowa ya ɗora wani lissafi a kan na kallon. Ku lissafa harajin VAT na 7.5% a kan lambar da aka riga aka datse wa kwabo, ku ga yadda jimilla za ta saɓa da rasit.

Ɗan bautar ƙasa: To Round fa? Ita ai lamba take mayarwa.

Injiniya: Lamba ce, amma da halinta. A Access, Round ta 2.5 tana ba da 2, ta 3.5 kuma 4, wato rabi yana komawa ga lambar da biyu ke rabawa. Format kuwa 2.5 sai ta nuna 3. Sa su kusa da juna a takarda ɗaya, mai duba lissafi zai kira ka.

Hajiya Akanta: Layi biyun zan yi. Amma Malam, na kallon a kweri zai zauna, ba a rahoto ba, don can Alhajin da nake yi wa lissafi yake dubawa.

Malamin Access: To ki sa masa sunan da zai nuna rubutu ne, ko wanda zai gaje ki ya huta.