Daga ina Ken Loach ya samo salonsa?

Ɗalibar Fim:
Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske game da daraktan nan ɗan Birtaniya, Ken Loach. Na kalli I, Daniel Blake na 2016, labarin wani kafinta a Newcastle wanda ciwon zuciya ya hana shi aiki, hukuma kuma ta yi ta yi masa jeka-ka-dawo a kan kuɗin tallafi, sai na ji kamar ba wasa ake yi ba. Shin daga ina ya samo wannan salo?

Tsohon Ma'aikacin Talabijin:
Wa alaikumus salam, malama. A ganina daga talabijin ya samo shi. An haifi Loach a Nuneaton a 1936, shari'a ya karanta a Oxford, amma sai ya kama aiki a BBC a 1963, lokacin da akasarin wasannin kwaikwayo a cikin situdiyo ake ɗaukarsu. Shi da furodusa Tony Garnett suka fito da kyamara bakin titi. A 1966 ya shirya Cathy Come Home, labarin iyalin da suka rasa muhalli, wanda ya ƙare a tashar jirgin ƙasa inda jami'ai ke fizge yara daga hannun uwarsu tana kururuwa. Mutane kimanin miliyan 12 suka kalle shi, kuma da yawansu sun kasa rarrabe wasa da rahoto.

Mai Nazari:
Maganar malam gaskiya ce, sai dai akwai abin da ya tsallake. Loach yakan ɗauki fim bi da bi yadda labarin yake tafiya, ba ya kuma bai wa 'yan wasa rubutun gaba ɗaya, saboda firgicin da ke bayyana a fuskarsu ya zama na gaske. Yakan ɗauko waɗanda ba su taɓa wasa ba, kamar yaron da ya fito a fim ɗinsa Kes na 1969.

Tsohon Ma'aikacin Talabijin:
Haka ne. Amma ita talabijin ɗin ba ta riƙe shi da daɗi ba, domin a shekarun 1980 an hana nuna shirye-shiryen da ya yi wa tashar talabijin ta Channel 4 a kan shugabannin ƙungiyoyin ƙwadago. Silima ce ta farfaɗo da shi, har ya ci babbar kyautar bikin finafinai na Cannes a Faransa sau biyu, a 2006 da 2016. Malama, ki nemi Cathy Come Home ki fara da shi.